Gorar Iska

Ni dai karatuna aji uku ne, daga nan malamai suka huta da ni, ni ma na huta da su. Ɗan abin da na sani a saman soron gidanmu na Anbariyya na koye shi, wurin Kaka Hauwa. In sanyin Madina ya shigo, bayan magariba sai ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Al'adarta ita ce ba ta soma tatsuniya sai ta raba mana mutanen ciki, kowa ya ɗauki nasa, da sunansa za a yi labarin.

A lokacin maƙwabcinmu ya sayi talabijin, mai baƙi da fari. Sau ɗaya Kaka ta leƙa, ta tarar da wani wasan Turawa na masu yawo a jirgi tsakanin taurari. Ba ta jin Turanci, ba ta karanta Larabcin da ke gudu a ƙasa, amma ta dawo ta ce ta gane komai: matafiya ne, hanya ta ɓace musu.

"Ga ta nan, yau daga sama ta sauko muku," in ji ta. "Akwai maigidan jirgi, akwai rafiƙinsa, abokin tafiya. Wa ke son wa?"

Kafin ta rufe baki na cafke maigida. Sale, ɗan baffana, wanda tun muna goyo nake ganin an fi sonsa, ya ce, "Tayyib, ni ne rafiƙi." Na yi masa gwalo.

Kwana biyu ina mulki. Maigida Ilu ya ba da umarni, rafiƙi Sale ya ɗauki kaya. A rana ta uku jirgin ya lalace a wata ƙasa mai jan rairayi, inda ba iskar shaƙa, kowa da gorar iskarsa a baya. Ta maigida ta tsage. Da dare ya yi a labarin, rafiƙi ya kwance tasa, ya ɗaura wa maigida yana barci, ya koma gefe ya kwanta yana duban alƙibla.

"Ina alƙibla a sama, Kaka?" na tambaya.

"Mai mutuwa ya san inda take. Rufe min baki."

Gari ya waye, maigida ya tashi da rai, rafiƙi bai tashi ba. 'Yan mata suka fashe da kuka. Kaka da kanta ta share ido da gefen mayafi, ta jawo Sale jikinta, ta shafa kansa, ta ba shi dabino uku. Ni da nake maigida, ko ƙwallo ban samu ba. Mutum ya mutu yana tauna dabino, ni mai rai ina haɗiyar yawu.

"Kaka, ni ma a kashe ni."

"Irinku ba sa mutuwa da wuri, ɗan nema."

"To a sake rabo gobe."

"Halas, magana ta ƙare, an yi jana'iza. Kai ka zaɓa, ka kuwa zaɓi mai nauyin. Wanda ya sha iskar wani, shi ke kai labari gida."

Sati guda ban yi wa Sale magana ba. Har barkono na zuba masa a shayi, ya shanye ya ce ya yi daɗi, abin da ya ƙara ƙona min rai.

Sai da na yi gemu 'yar maƙwabcin nan, wadda ta yi karatu, ta gaya min a wasan babu wata gora. Abokiyar tafiyar ma mace ce, wata na'ura ce ta kashe ta. Na kai wa mahaifiyata wannan labari ina murna na kama Kaka da ƙarya, ko da yake tana kabari. Mahaifiyata ta dube ni ta ce gorar gaskiya ce, ta ruwa ce dai. Kaka tana yarinya suka taho hajji a ƙafa, a wani jeji kafin su kai teku wanta ya bar mata ruwansa, shi ya rasu a can. Sunansa aka sa wa Sale.

Bara Sale ya rasu. Aka yi masa salla a Harami, sahu har waje, alhazan da ba su san shi ba suna yi masa addu'a, aka kai shi Baƙi'a, inda kowane ɗan Madina ke roƙon ya kwanta. Ina zuba ƙasa ina kuka, amma Allah ya gani, a ƙasan kukan akwai tsohon ciwon nan. Na ce a raina, ka sake cin dabinon, ɗan baffa.

Yanzu in na rufe rumfar dabinona a Uhudu, jikoki kan taru, nawa da nasa. Ina yi musu tatsuniyar da Hausa, suna amsa min da Larabci. Ina raba mutanen labari sai su yi ta kokawa a kan maigida. Ba na hana su. Sunan rafiƙi kuwa ba na ba kowa, yana da mai shi.