Birni Ya Riga Ka Isa Gida, Malam

Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, 'yarka ta kira ni ina tsakiyar darasi. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na sallami ɗalibai.

Malam, kai ka koyar da ni a jami'a, daga baya muka zauna ofis ɗaya, tsohuwar fankar nan tana kuka a kanmu. Aikinka shi ne kwatanta yadda mazauna birane ke ƙaruwa a ƙasashe daban-daban, tun zamanin kakanni zuwa yau. Bangon ofishin duk zane ne, kowace ƙasa da layinta. Wata tana hawa a hankali kamar tsoho a matakala, wata kuwa cikin 'yan shekaru ta miƙe tsaye.

Ɗalibai suna kiranka Malam Wane-Birni, don ba mai ce maka birane sun cika ka ƙyale shi. Sai ka ce, "Wane birni?" Wata ƙasa, da mutum dubu biyu sun taru ta ce birni ne, maƙwabciyarta kuma sai sun kai dubu ashirin. Wanda ya jera su bai tambaya ba, in ji ka, ya auna hatsi ɗaya da mudu biyu. Sau nawa ka mayar mini da aikina kan wannan, ina fita ina gunaguni. Amma da mahaifina ya kwanta asibiti, kai ka karɓi azuzuwana zango guda, ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Buri ɗaya na san kana da shi: ka yi ritaya, ka koma ƙauyenku wurin yayarka, ka noma gonar mahaifinku. Kakan nuna bangon ka ce, "Duk hawa suke, ba mai saukowa. Ni dai zan rage wa birni mutum ɗaya." Mu yi ta dariya.

Ka san birnin yana matsowa wajenku, wa ya fi ka sani? Zatonka dai zai jira ka. Bara ka kwashe littattafanka ka tafi. Da na kai maka ziyara, shaguna sun haɗe tun daga ƙofar jami'a har bayan gidanku. An yanka gonar filaye, rabi ya zama tashar mota. Muna zaune a ƙofar gida, ƙarar masu walda ta hana mu jin juna sosai. Ka sunkuyo ka ce, "Kin ga, na auna. Da kowane mudu, nan birni ne yanzu." Ka yi murmushi. Ni kuwa kuka na yi a mota har gida.

Da na je gaisuwa, yayarka ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kullum da safe sai ya saɓa fartanya ya fita. Ya tsaya a bakin titi, ya daɗe, ya dawo ya jingine ta. Ban taɓa tambayarsa ba."

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya saukar da kai a gidan da ba a tashin mai shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayarka, da 'yarka, da jikokinka, da ɗalibanka duka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.