Bokiti Uku a Cikin Mota

Motar maigidana ba sabuwa ba ce, amma ita take ciyar da mu. Lodin fasinja yake yi daga Wudil zuwa Kano. A lokacin muna haya a Sabon Garin Wudil, ciki da falo, 'yarmu ta fari tana da wata tara.

Wata rana da damina wata mata 'yar Kausani ta zauna a gidan gaba da robar nono a cinya. Murfin ya buɗe a hanya, nonon ya bi ƙarƙashin kafet. Kwana biyu motar tana tsami, fasinja suna toshe hanci. Ranar Asabar aka yi rasuwa a Achika, hanya ta yi laka, sai maigidana ya bi abokinsa a babur, ya bar makulli a jikin ƙusa.

Ni ban taɓa wanke mota ba. Ɗaki na sani, da tsakar gida, da tabarma. Na goya yarinya, na kaɗa garin sabulu, na sheƙa bokiti uku a ciki, gaba da baya, na bi da tsintsiya. Na lura ruwan wajen ƙafar direba bai fita ba, wani lungu ya shige a ƙarƙashin sitiyari. Na ce zai bushe. Na sa kaskon turaren wuta na rufe ƙofofi. Da ya dawo ya ji ƙamshi, ya ɗauka turare kawai na sa. Na bar shi a haka, ina jiran ranar da zan faɗa a yaba mini.

Bayan kwana huɗu motar ta fara abin da ta ga dama. Ana tsakar rana, ba ko hadari, sai abin share gilashi ya kama aiki. Hon ya riƙa tashi shi kaɗai a ƙofar gida. Gilashin direba ya sauka ya ƙi hawa, sai da aka jawo shi sama da hannu. Da safe batir ya mutu, sai an tura. Maigidana ya kai ta wurin masu wayarin har biyu, ɗaya ya canza fis, ɗaya ya canza batir. Ba abin da ya sauya.

Ranar da zai kai mu rigakafi, na kwantar da yarinya a kujerar baya na juya zan ɗauko jaka. Na ji ƙarar makullan ƙofofi, duka huɗun a tare. Makulli yana ciki. Maigidana yana waje, ni ina waje. Yarinyar tana kallona ta gilashi tana wasa da ƙafarta. Da dutse ya fasa ƙaramin gilashin gefe. Ban yi kuka ba, na dai ɗauko ta na rungume.

Inna, mahaifiyarsa, ta zo washegari da rubutu a jarka.

"Wannan ba ciwon bakanike ba ne," in ji ta. "Mota ta kulle kanta da jaririya a ciki? Baki ne. Kai kuma ba ka iya ɓoye samu ba."

Ta yayyafa a tayoyi da bonet. Da ta buɗe ƙofar direba za ta zuba a ciki, sai na ji bakina ya ce, "Inna, kada ki jiƙa nan."

Ta dube ni. "Ke kuma yaushe kika zama bakaniken?"

Na juya na koma cikin gida.

A satin ne maigidana ya ce zai sayar da motar. Dillali ya zo ya zagaya ta, ya ji hon ya tashi, ya yi dariya ya taya ta kamar yana taya tsohon ƙarfe. Maigidana bai sallama ba, bai kuma hana ba, ya ce ya dawo Litinin. Na san in motar ta tafi a wannan farashi ba zai iya sayen wata ba, sai dai ya koma tuƙa ta wani. Na kuma san abin da ba wanda ya sani. Kullum ina shirya maganar ina wanke-wanke, in ya shigo sai ta gudu.

Ranar Lahadi ya kawo mai wayarin na uku, wani dattijo mai gilashin ido da aka ɗaure da zare. A ƙofar gida ya yi aikin. Ni ina soro, ina leƙe ta bayan labule. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari, ya daɗe yana kallonta.

"Direba, motar nan ta shiga kogi?"

"Wane kogi, Baba? Ta kan gada nake bi kamar kowa."

"Ka kai ta wanki a bakin ruwa?"

"Rabona da kai ta wanki tun kafin azumi."

"To shi ke nan. In ba ruwa ba ne, sai na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ka ba ni sati biyu, kuma ban yi maka alkawari ba."

Maigidana ya ce, "Gobe mai saye zai zo."

Dattijon ya fara naɗe wayar na'urarsa. A nan na ɗaga labule.

"Yaya," haka nake kiransa, "ni na wanke ta."

Bai gane ba. "Kin wanke me?"

"Cikin. Ranar da ka je Achika. Bokiti uku."

Dattijon ya sauke gilashinsa. "Da tsumma, uwargida?"

"Da tsintsiya."

"Allahu Akbar. Ruwan ina ya bi?"

Na matso na nuna masa lungun da yatsa. Ya kwanta a ƙasan kujera, ƙafafunsa a waje, ya kwance wata roba, ya zaro wani baƙin akwati da bai kai faranti ba. Ya ɓalle murfin. Cikinsa ya yi kore-kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla, ga farin sabulu ya bushe a gefe. Ya shinshina ya miƙa wa maigidana.

"Ga aljanin naka. Wannan ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwa. Babbar tana kula da inji, ita kuwa ƙofa da fitila da hon da gilashi duk a hannunta suke. Uwargida ta yi mata wankan jego."

Shi kaɗai ya yi dariya.

Ya ce ba ta gyaruwa, sai an sake. Ya kwafi lambar jikinta a bayan kwalin ashana, ya ce in lamba ɗaya ta saɓa kada a karɓa. Washegari da sassafe maigidana ya shiga motar haya ya tafi Kano, fasinja a hanyar da ya saba tuƙi. Kafin azahar ya dawo da wata ta hannu. Dattijon ya cire kan batir, ya goge bakin wayoyin da buroshi, ya jona, ya sake haɗa na'urarsa har akwatin ya san makullin. Sannan suka gwada komai. Gilashi ya hau ya sauka. Ƙofofi suka jira sai da aka danna. Hon ya yi shiru.

Tun jiyan maigidana bai ce mini komai ba. Ya ci abinci, ya ɗauki yarinya, amma ni ko kallo. Da la'asar dillali ya yi sallama. Ina jin su daga tsakar gida.

"Na fasa."

"Haba direba, jiya-jiya kake neman kai da ita."

"Na fasa, Alhaji. A yi haƙuri."

Ya shigo ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Sati uku," ya ce. "Kina kallona ina yawo wurin masu gyara."

"Tsoro nake ji."

"Wankin ban ji haushinsa ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira salla. Ya ɗauki buta. Washegari bayan asuba na ji ya tayar da motar bugu ɗaya, ya tafi tasha.