Layi Guda a Takardar Surukina

Wata fuɗu da aurena aka tura ni Kebbe, mai kula da bayanan marasa lafiya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Matata na bar ta a Tambuwal, a gidanmu, don ɗakin da aka ba ni can ko akuya ba za ta yi godiya ba. Surukina ne ya samo mini aikin, shi ne kuma jami'in da ke karɓar rahoton dukkan ƙananan hukumomi a Sakkwato. Na yi murna a lokacin, Allah na tuba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya yi yawa a hannun gwamnati, kowane ofis ana sauke masa kwamfuta ko da bai taɓa ganin wuta ba. Tamu ta zo ta hannun wani shiri na kula da masu cututtukan da mutane ba sa son a ji suna da su. Duk ƙarshen wata sai in tattara bayanan asibitin gari da na ƙauyuka irin su Fakku, in shigar, in kulle fayil ɗin da wata manhaja yadda ba mai iya karantawa sai mai mabuɗi, sannan in aika Sakkwato ta intanet. Dokar shirin ta hana a zuba shi a filashi a hau mota da shi. Ban taɓa jin haushin dokar ba, don na san sunayen da ke ciki, wasu kullum muna gaisawa a kasuwa.

Manhajar ba a shirye ta zo ba. A faifai ta zo ɗanya, rubutun masu ƙirƙirarta zalla, kai za ka gina ta a kan kwamfutarka. Kompailin muke cewa a ofis. An haɗo mana da takarda guda mai umarni bakwai: ka buga na farko ya dudduba abin da kwamfutar take da shi, ka buga na biyu ya yi ginin, haka har ƙasa. Surukina ne ya rubuta takardar. Tsohon malamin lissafi ne, da furfurarsa ya koyi kwamfuta, aka tura shi horo ya dawo ya zauna ya tsara umarnin nan da hannunsa, aka buga aka raba ko'ina. Yana ji da ita ƙwarai. Na bi ta layi-layi, ban ƙara ban rage ba, manhaja ta ginu, ta kulle fayil lafiya lau.

Aikawar ce azaba. Sabis a Kebbe a lokacin sai an yi masa farauta. Na ɗaure modem, 'yar na'urar kamo sabis, a kan gora, na zura ta taga, na jawo doguwar waya zuwa tebur. Fayil ɗin ƙato ne, layin kuma ba ya jimawa. Ya yi rabi, ya wuce rabi, ka fara gyara zama, sai ya yanke, a koma farko. Ba ka isa ka tashi ba, don in ya yanke ba ka kusa, zaman banza ka yi. Janareto yana ruri a bayan taga, hayaƙi yana shigowa, ni ina kallon wani ɗan layi shuɗi yana rarrafe. Kwana uku, wani watan fuɗu. Salla ma rabin hankalina yana kan tebur nake yin ta, wannan kuwa ya fi komai ci mini rai.

Ba wanda ya yarda ya koyi aikin. Akwai wani dattijo mai rubuta katin marasa lafiya, ya zauna yini guda ya gani, ya ce shi da hawan jini, a rufa masa asiri. Da na cike takardar neman komawa Tambuwal, shugaban sashenmu, mutumin kirki amma matsoraci na gaske, ya karanta ya sa a durowa. Ya ce ran da aikawar nan ta zama abin da kowa zai iya, ran nan zai sa hannu, kafin nan in ya sake ni wuyansa ne a igiya. A shekarar matata ta haifi ɗiya mace. Sau biyu a wata nake ganinsu, in hanya ba ta yanke ba.

Da abin ya ishe ni, na gwada matse fayil ɗin bayan na kulle shi, irin yadda ake matse kowane fayil ya ragu. Ko gezau bai yi ba. Na kira wani abokin karatuna da ke koyar da kwamfuta, ya yi mini dariya son ransa, sannan ya ce kullallen fayil ba ya matsuwa, ai sai an danne auduga kafin a ɗinke buhu. Ya ce manhajar da kanta tana iya matsewa kafin ta kulle, in an gina ta tare da wani ɗan ƙarin manhaja, laburare suke ce wa irinsa, mai suna zlib. Ya ce in sake buga umarnin farko, amma wannan karon in karanta abin da yake faɗa.

Ban taɓa karantawa ba. Rubutu ne ke gudu a allo kamar an kore shi, ni dai in na ga ya tsaya ba jan rubutun kuskure, sai in wuce na gaba. Ran nan na tsayar da shi na bi a hankali. Can tsakiya na gan shi: ya nemi zlib, bai samu ba, ya rubuta babu, ya yi gaba abinsa ba ko tari. Shekara biyu ina shaƙar hayaƙi saboda kalma guda da ba ta yi ƙara ba. Na zagi kwamfuta, na zagi faifai, na dawo na zagi kaina, don ni ne mai ido.

Samo laburaren ya ci mini mako uku. A wani shagon intanet a Tambuwal na sauke shi, na kai Kebbe, ashe rabi na ɗauko, babu fayilolin da ginin ke nema. Na koma na sake ɗaukowa. Sai kuma aka ce dole in ƙara 'yan kalmomi a umarnin farko in nuna masa inda laburaren yake, layin da babu shi a takardar ke nan. Gini na farko man janareto ya ƙare ana tsakiya. Na biyu na yi kuskuren harafi. A na uku na ga inda da aka rubuta babu, yanzu an rubuta akwai. Na kulle fayil ɗin watan, na duba girmansa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Na latsa aikawa na fita alwalar azahar, kafin in dawo ya tafi.

Na zauna ina kallon allo kamar wawa. Na kira dattijon mai kati na ce ya latsa da yatsansa mu gani, ya latsa wani fayil na gwaji, fayil ya tafi, ya ce in dai wannan ne ai ko shi ya iya. Shugaba ya zo ya gani, ya buɗe durowa ya fiddo takardata ya kaɗe ta. Ya ce a jira Sakkwato su ce sun karɓa, ran Litinin ya sa hannu. Na kira matata na ce ta fara share mini gefen gado.

Kwana biyu bayan nan saƙo ya zo daga ofishin surukina: fayil ɗin Kebbe ya iso amma ya ƙi buɗuwa, a sake aikowa. An kwafo abin da kwamfutarsu ta ce, wai ba ta san irin wannan matsi ba. Ina karantawa na gane. Tasu manhajar ma da takardar nan aka gina ta, ba ta da laburaren, ba za ta iya warware abin da tawa ta matse ba. Gyaran aikin rabin awa ne. Amma sai wani ya tsaya gaban mutumin ya ce masa takardarka da aka raba wa jiha gaba ɗaya ta tsallake layi.

Wanda bai tashi a wurinmu ba, zai ce to mene ne a ciki. Ni tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ban taɓa cin ko goro a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in na hango shi a hanya sai in sauka daga babur. Shi ma ba ya kiran sunana, mutumin Kebbe yake ce mini. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba sai ran nan.

Na fara da shugaba, na ce ya rubuta a hukumance. Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ɗalibinsa ne, har yau in ya ji muryarsa a waya miƙewa yake, ni ne na fi kusa. Na yi tunanin wasiƙa ba suna, sai na ga fayil guda ne ya ƙi buɗuwa a duk jihar, ko makaho ya san mai wasiƙar. Na koma wajen matata. Ta saurare ni har ƙarshe tana shayar da yarinya, sannan ta ce ita dai ba za ta iya ba, amma za ta faɗa wa Innarta. Inna ta jira ran da ya dawo hutun mako ya ci ya ƙoshi ta faɗa masa, ban san da wane irin baki ba. Amsa ta biyo hanyar da saƙon ya bi: a ce wa mutumin Kebbe ya bi takarda yadda take.

Na ce ba zan mutu a Kebbe saboda kunya ba. Ran Asabar da hantsi na sa laburaren a filashi, na rubuta layin a 'yar takarda, na zuba su a aljihu na nufi gidansa. Duk hanya ina bitar maganar da zan yi, har na samo mai laushi: Baba, akwai wani ɗan ƙari da na gani, ko za a duba. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na shiga zaure na durƙusa nesa da tabarmarsa. Muka gaisa. Ya tambayi ruwa a Kebbe, ya tambayi gero, ya tambayi shugabanmu. Sannan ya ce, yana kallon ƙofa:

"Na kowa na buɗuwa. Naka ɗai ya ƙiya."

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, har na ji ana daka a maƙwabta. Hannuna yana cikin aljihu, gumi ya jiƙa 'yar takardar. Maganar tana nan a bakina daram, na ji ta. Abin da ya fito shi ne:

"Za a gyara, Baba."

Ya ce Allah shi yi albarka. Na ja da baya na fita, na sa takalmi, na tura babur har kwana kafin in tayar.

Ran Litinin na koma ofis. Ba sai na rushe ginin ba ma, 'yar alama guda ake ƙarawa a umarnin kullewa a ce kada a matse. Na ƙara ta da hannuna. Fayil ya koma ƙatonsa, na zura gora ta taga. Shugaba ya leƙo ya gani, bai tambaye ni komai ba, shi ma yana da suruki. Na ji ƙarar durowarsa daga inda nake zaune.

Shekara fuɗu na ƙara a haka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin yana cikin kwamfutar, ni na gina shi, kuma duk wata ni nake kashe shi. Na zama mai faɗa. Na yi wa dattijon mai kati tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na riƙa huce haushi a kan matata in na je gida, ita kuwa sai dai ta ba ni abinci. Yarinyar ta yi wayo tana ɓuya bayan uwarta in na shigo, sai na kwana ɗaya take yarda in ɗauke ta, washegari kuma in tafi. Daga baya shirin ya sauya tsari gaba ɗaya, aka daina aika fayil, aka sa hannu a takardata ba tare da kowa ya tuna dalilin riƙe ta ba. Surukina ya yi ritaya, bai daɗe ba ya rasu. Na yi masa kuka na gaskiya, don ban da wannan abu bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Bayan Inna ta fita takaba, wata la'asar ina zaune a tsakar gida matata tana tsintar shinkafa a faranti, sai ta ce, kamar mai maganar cefane, ai Baba ya sani. Na ce ya san me. Ta ce layin nan. Tun ran da fayil ɗina ya ƙi buɗuwa ya karanta abin da kwamfutar ta ce, ya tambayi wani, ya gane takardarsa ce da gyara. Ya yi ta gwada ginawa shi kaɗai a ofis bayan an tashi, abin ya ƙi masa, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce mijin ɗiyarsa ya zo ya koya masa ba. Ran da na je zaure, ni yake jira in fara. Ta ce da na fita ko abincin rana bai ci ba.

Na tambaye ta wa ya faɗa mata, ta ce Inna. Sannan na tambaye ta yaushe Inna ta faɗa mata. Ta ce a makon nan ne, makon da na je.

Na ce, "Kin sani, kina kallona shekara fuɗu ina zarya a hanyar Kebbe?"

Ba ta ɗago daga farantin ba.

"Ubana ne," ta ce. "In zo in ce maka ya kasa?"