Hajiya Ummukulsum, Wadda Ta Hana Na'ura Share Sunana

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, ina tsaye a bakin ƙofar kamfaninmu na tace riɗi da ke Maigatari, labari ya iso cewa Allah Ya karɓi ran Hajiya Ummukulsum Abdulganiyu, shugabar ofishin kula da ma'aikata, a gidanta da ke Gumel bayan jinyar mako uku. A matsayina na shugaban masu gadi, wanda ya fi kowa daɗewa a wannan kamfani, na ga wajibi ne a ji daga bakina.

Hajiya, lokacin da kika zo, takardunmu suna jibge a sito, gara tana ci. Kika ɗauki hoton kowace takarda kika zuba a kwamfuta, kika kulle da kalmar sirri, domin kada wani ya leƙa takardar asibitin wani. Kika tsara cewa bayanin wanda ya bar aiki zai zauna shekara goma, sannan na'ura ta goge shi da kanta. Wanda kuma ya yi kwana sittin bai dangwala yatsa a na'urar shaidar zuwa aiki da ke ƙofa ba, na'ura ta sa shi cikin waɗanda suka tafi.

A nan aka samu kuskure. Mutanen birni da suka haɗa na'urar ba su san dukanmu manoma ne ba. Da damina ta yi nisa, ƙotar fartanya ta goge mini zanen yatsa. Kullum in dangwala, na'urar ta nuna ja, in wuce abina, don ban iya karanta abin da take faɗa ba. Sai ga takarda wai Cindo Gagarawa ya bar aiki. Ni, mai shekara ashirin da biyu a ƙofar nan!

Na shigo ofishinki a fusace. "Hajiya, ni ne na'urar nan ba ta sani ba? Ni fa na buɗe mata ƙofa ranar da aka kawo ta!"

Kika ce, "Baba Cindo, buɗe hannun in gani." Kika duba, kika yi dariya. "Ai gero ne ya cinye maka yatsa. Laifina ne, ba naka ba."

Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba. A ranar kika gano mu goma sha ɗaya ne abin ya shafa. Kika mayar da sunayenmu, kika kafa doka cewa na'ura ba za ta ƙara rufe fayil ɗin kowa ba sai mutum mai rai ya kira mai shi ya gan shi ido da ido. Sannan kika ce da ni, "Wanda bai iya karanta fayil ɗinsa ba, kowa na iya rubuta masa abin da ya ga dama." Ke kika sa sunana a ajin yaƙi da jahilci. Na zo na uku a cikin mutum talatin.

Ba zan ɓoye ba, ranar rasuwarki tsoro ya haɗu mini da baƙin ciki. A watan Disamba zan yi ritaya, kuma babu shaidar shekarun aikina sai abin da ke cikin kwamfutar nan. Aka yi ta raɗe-raɗi a kan bencin masu gadi cewa kalmar sirrin ta bi ki kabari.

Bayan addu'ar bakwai, mataimakinki Malam Nehemiya ya kira ni. Ashe tun kafin ki kwanta ciwo kin raba kalmar gida biyu, rabi a hannunsa, rabi a hannun manaja, ta yadda babu mai buɗewa shi kaɗai. Suka buɗe a gabana. Malam Nehemiya ya ce, "Baba, in karanta maka?" Na ce, "A'a, Malam, matsa gefe." Na bi layi ɗaya bayan ɗaya da idona. Daga ranar da aka ɗauke ni zuwa yau, ko wata guda bai ɓace ba.

Ina kira ga shugabannin kamfani da su riƙe dokarki, kuma Malam Nehemiya ya yi mini alkawarin haka.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Baffa, da 'ya'yanki Muhsina da Sumayya, da mahaifiyarki Iya Mairo ta Sule Tankarkar. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah, baiwarKa ta tsare mana sirrinmu, Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri. Ba ta yarda a share sunan talaka ba, Ka tabbatar da nata cikin 'yan Aljanna Firdausi. Amin.

Cindo Gagarawa,
Shugaban masu gadi.