Motar da Na Ba Yaya

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, na ajiye motata a ƙofar gidanmu a Bacirawa na koma hawa a-daidaita-sahu. Ƙaramar mota ce 'yar Kwatano, otomatik, irin wadda makanikai ke kira si-bi-ti. Ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Wani bel ne na ƙarfe yake zagayawa a cikin giyabos ɗin, shi ya sa tafiyarta sumul, ba ka jin ta canza komai. Da na gaji da ganin kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta, sai na yanke shawarar in ba Yayana, manomi a ƙauyenmu can wajen Kunci. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, ya iya tuƙi tun yana saurayi, amma bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba.

Ranar da na kai masa har mai unguwa ya zo. Aka yi ta shi mini albarka, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina jin daɗi, ban gaya wa kowa cewa man ne ya gagare ni ba. Yaya ya yi mata wuri a gindin darbejiya, kusa da turken bijimansa biyu na huɗa. Bijiman nan su ne gidan. Su ke yi masa huɗa da damina, ya kuma yi wa wasu ya samu na cefane, da rani su ja amalanken taki zuwa gona.

Na ja shi gefe na karanta masa abin da makanikena ya jaddada mini. Kada a loda mata buhuna. Kada a ja wata mota da ita. In ta kafe a yashi kada a yi ta ba ta wuta, bel ɗin zai yi zafi ya fara zamewa. Man giyarta kuma daban ne, ba jan man nan da ake zuba wa kowace otomatik ba, a canza shi tun bai yi baƙi ba.

Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi. "To Malama," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "mota kika kawo min ko mai jego?"

Muka yi dariya. Ni ce ya kamata in tsaya in yi tunani, ban yi ba. A garin nan na tashi, na san babu hanyar da ba yashi, na kuma san mai abin hawa a wurinmu ba shi da bakin cewa a'a. Mara lafiya, mai haihuwa, 'yan ta'aziyya, duk wanda ya iya zuba ɗan mai to ya samu mota. Na ɗauki kayan birni mai tarin sharuɗɗa na ɗora wa mutumin da bai iya hana kowa komai ba.

Duk sanda na kira shi a waya, kafin in tambayi yara zai ce, "Motarki lafiya lau." Bai taɓa cewa motata ba.

Da damina ta faɗi na je suna a gidan wata 'yar'uwarmu. Yaya ya zo bakin titi ya ɗauke ni. An wanke motar tas, tafiyarta ma ta fi yadda na san ta. Na yi ta yaba masa, har ina tsokanarsa cewa ashe ya iya jego. Ya dai yi dariya kaɗan. Da muka isa na ga turken babu kowa, ko ɗanyen kashin shanu babu. Na tambaya, ya ce suna wani wuri, ya shige masallaci.

Matarsa ce ta gaya mini, muna tsinke zogale a tsakar gida. Takin zamani ya yi tsadar da kowa ya koma na gargajiya, sai maƙwabcinsu ya yi hayar a-kori-kura ta kwaso masa taki daga wata rugga, ta kafe a yashin rafi. Mutane suka taru, aka kawo igiya, aka zo aka yi wa Yaya sallama.

"Ya ce kin hana," in ji ta. "Sai wani ya ce au, ashe har yanzu ba tasa ba ce. Shi ke nan ya ɗauki makulli."

Ya fitar da a-kori-kurar. Daga ranar motar ta fara kuka kamar injin niƙa, in ya taka sai ƙara, tafiya kuwa da kyar. Wani mai gyara a kasuwa ya ƙara mata jan mai, bayan nan ko motsi ta daina. Da aka ja ta zuwa Kano aka ce irin wannan ba a gyara shi, sai dai a sauke giyabos ɗin gaba ɗaya a ɗora wani. Ranar kasuwar Shanono ya kora bijiman, ya dawo da igiyoyinsu a hannu.

Na rasa inda zan sa kaina. Haushinsa na ji da farko, sannan haushin ya dawo kaina ya zauna. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ka iya haɗa ido da mai ba ka labari.

Washegari da hantsi na same shi a gonar bayan gida, mutumin da furfura ta cika wa gemu, ya duƙa yana huɗa da garmar hannu. Na ce, "Yaya, da ka gaya min."

"In gaya miki me? Ki yi min kyauta in dawo miki da gawarta?"

"To a sayar da ita yanzu, a maido da shanu ko da ƙanana ne."

Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Gaban mai unguwa kika ba ni. In na sayar, cewa za a yi ban san darajarki ba, ko kuma kin ba ni abin banza. Wanne kike so a faɗa?"

Na ce ni ban damu da abin da za a faɗa ba. Ya ce ai ni ba a nan nake kwana ba. Ya tofa yawu a tafin hannu ya koma kan kunyarsa. Na so in ce masa tun farko ba don Allah kaɗai na bayar ba, amma na ga ba abin da zai ƙara masa sai wani nauyin. Abin da zan iya aikowa a wata kuwa ko ɗan maraƙi ba zai saya ba, shi ma ya sani.

Da la'asar ya ce lallai shi zai mayar da ni titi. Ya bi doguwar hanya don kauce wa yashi, yana tafiya a hankali, ya naɗe tafin hannunsa na dama da tsumma saboda kantar da garma ta yi masa. Hanyar nan ta gefen babbar gonar Babanmu take bi. Tun daga nesa na hango gonakin mutane sun sha huɗa, kunya-kunya har bakin iyaka, tamu kuwa a tsakiyarsu shimfiɗe, ciyawa ta rufe ta.

Muna zuwa daidai wurin Yaya ya ɗaga murya ya nuna mini allon gaban sitiyari. "Duba nan, Malama. Wutar nan da take kamawa da, kin ga yanzu babu. Man ma nata na asali na sa aka zuba. Duba da kyau."

Na duba. Ban ɗauke idona daga allon ba har sai da muka wuce gonar.

"Madalla, Yaya," na ce.