Gaisuwar da Ta Kayar da Abokina

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara komatsansu ba, aka ce mutanen garinmu, can wajen Zoza, su zaɓi wanda zai wakilce su a majalisar hakimi a Ƙaraye. Ba akwati, ba takarda. Kowa zai tsaya bayan wanda yake so, malamin hakimi ya ƙirga kawuna.

Mutum biyu suka fito: ƙanin dagaci, da abokina, wani marini mai kaifin baki. Alƙawarinsa ɗaya ne, zai faɗa a gaban hakimi a daina ɗibar mu aikin hanya a tsakiyar cirar gyaɗa. Ni na fi kowa zaƙewa. Sati biyu ina bi gida-gida ina cika baki, wai ko ni kaɗai ne zan tsaya bayansa.

Ranar kuwa na tsaya feleƙe da sabuwar riga, don wata uku ke nan da aurena. Kafin in iso an ja layi. Hanyar zuwa wajen abokina kuma ta gaban surukina ta bi, yana layin ƙanin dagaci. Wa zai wuce surukinsa a tsaye? Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Yawwa, ɗan nan. Ina gajiya? Ya mutan gidan? Tsohuwa fa, ƙafar ta sake ta?"

Ya bi yayyena ɗaya bayan ɗaya, har ya gangaro kan jakinmu. Kaina na sunkuye na ji sanda ta taɓa kafaɗata. Malamin ya ƙirga da ni, ya yi gaba.

Da mutum ɗaya abokina ya faɗi. Na bi malamin ina rantse-rantse, ya ce inda ya tarar da ni nan ya sa ni. Abokina bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kun dai gaisa lafiya ko?" Da kaka tare muka fasa dutse a hanya, gyaɗarmu tana tsirowa a ƙasa.

Sai da surukina ya tsufa tukuf, wata rana muna hira ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai a zatonka jakinku ne ya dame ni?"

Duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma wallahi ina kewarsu, har shi tsohon mai wayo. Amma abin bai daina ci mini rai ba. Shi ya sa duk ranar zaɓe nake kafa wa jikokina doka: kada wanda ya durƙusa a gabana sai na ga tawada a yatsansa.