Sallama ga Masu Barci a Ƙasan Rafi

A gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, da an idar da Magariba sai mu ajiye alluna mu kewaye murhun Iya, kakata. Tana tura kara a wuta, tana jan kunnena.

"Matso, angona, kai da ko goro ba ka taɓa sai mani ba. To, ga ta nan tahe."

"Ta iso lahiya, Iya!"

Tatsuniyar gaiwa na fi so, kifin nan da ke shigewa cikin laka idan rafi ya ƙafe, ya yi ta barci har damina. Iya ta ce wata shekara gaiwa ta yi addu'a ta kwanta. Sai wani majemi ya zo da ruwan jimarsa mai wari, ya ga yashi fayau, ya ce ai rafin ya mutu, ya tuttule. Danshi ya ratsa ƙasa. Gaiwa ta ji sanyi a bayanta, ta ɗauka ruwan farko ne. Ta ce alhamdu lillahi, ta fasa ɗakinta, ta buɗe baki.

A nan Iya kan tsaya, ta gyara itace.

"Ta mutu, Iya?"

"Mi kake gani? Da ruwan gaske ya sauka, ya kwashi ƙazantar ya yi gaba. Shanun Fulani suka sunsuna, suka juya da ƙishinsu. Wanga rafi na hanyar Batagarawa barci yake, yaro. Akwai masu rai a ƙasa."

Shi ya sa duk ranar da muka bi ta busasshen rafin za mu Batagarawa, sai Iya ta rage murya ta ce, "Salamu alaikum, masu barci." Mukan yi mata dariya.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Bana na ratsa rafin riƙe da hannun jikata. Leda ce ko'ina, ga baƙin man mota ya jiƙa yashi. Ban san lokacin da sallamar ta fito daga bakina ba.

Yarinyar ta dube ni. "Kaka, wa zai amsa?"

Sai na ba ta labarin gaiwa, nan a tsaye. Da na gama, ta tsuguna ta janye wata leda daga kan laka, a hankali, don kada ta tashi kowa.